Sikeli Kafin Komai: Yadda Awo Ya Kafa Ilimin Sinadarai

Idan aka ƙona itace, tokar da ta rage ba ta kai ko kusa da nauyin itacen ba. Wannan kowa ya sani. Amma idan aka ɗauki kuza ko dalma aka gasa a wuta har ta koma gari, sai a tarar garin ya fi ƙarfen da aka fara da shi nauyi. Wutar ɗaya ce, amma nan ta rage, can ta ƙara. Wannan 'yar matsala ta sha kan masanan Turai shekaru da dama, kuma a wajen warware ta ne ilimin sinadarai ya tsaya da ƙafafunsa. Abin da ya warware ta kuwa sikeli ne, da mutumin da ya yarda da abin da sikelin ya nuna masa ko da ya saɓa wa abin da malamai suka koyar.

Bayanin da aka yi amanna da shi a wancan lokaci na wani likita ne Bajamushe, Georg Stahl, tun farkon ƙarni na 18. A ganinsa duk abin da ke ci da wuta yana ɗauke da wani sinadari mai suna filojistan, kuma ƙonewa ita ce fitar wannan sinadari. Bai kamata a raina wannan tunani ba. Ya bayyana dalilin da toka ba ta sake kamawa da wuta, ya bayyana dalilin da kyandir ke mutuwa idan aka kifa masa kwalba, wato iskar ciki ta ƙoshi da filojistan. Inda ya yi tuntuɓe shi ne wajen ƙarafa. In wani abu ne ke fita daga dalma, ta yaya za ta ƙara nauyi? Wasu daga cikin masu kare ra'ayin har cewa suka yi ai nauyin filojistan ƙasa yake da sifili, shi ya sa fitarsa ke ƙara wa abu nauyi. Duk sanda aka kai ga irin wannan kame-kame don a ceci wani ra'ayi, ra'ayin ya kusa faɗuwa.

Ba wai kafin nan ba a awo ba. Jan Baptist van Helmont, mutumin ƙasar da ake kira Beljiyam yanzu, ya yi wani gwaji da aka buga a 1648 bayan mutuwarsa. Ya busar da ƙasa laba 200 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan icce mai nauyin laba 5, ya rufe saman tukunyar don kada ƙura ta shiga, ya yi shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya tumɓuke iccen ya kai laba 169, ƙasar kuwa ba ta ragu da abin da ya wuce oza 2 ba. Sai ya yanke hukunci cewa daga ruwa kaɗai iccen ya samu jikinsa. Awonsa daidai ne, haƙurinsa abin yabo ne, amma hukuncinsa ya kauce, domin akwai ƙofar da bai tsare ba. Kaso mai yawa na busasshen itace daga iska yake zuwa, daga iskar kabon da ganye ke zuƙa. Ya auna ƙasa, ya auna icce, bai auna iska ba, saboda bai zo masa a rai cewa tana cikin lissafin ba.

Wannan ƙofa ita Antoine Lavoisier ya rufe a Paris. A ƙarshen 1768 ya ɗauki wata tsohuwar magana da ke cewa ruwa yana rikiɗewa ya zama ƙasa, tunda in aka daɗe ana tafasa shi a kwalba akan ga ɗan laka a gindinta. Ya auna kwalba, ya auna ruwa, ya toshe bakin, ya bar shi a kan wuta kwana 101. Lakar ta fito kamar yadda aka ce. Amma nauyin kwalba da abin da ke cikinta bai canza ba, kuma da ya juye ruwan ya auna kwalbar ita kaɗai, sai ya ga ta ragu da kusan nauyin lakar. Ashe jikin gilashin ne ruwan zafi ya ɗan ci.

Da wannan dabara ya tunkari maganar ƙonewa. Ya zuba zaiba a cikin kwalba mai lanƙwasasshen wuya, ya killace ta da iskar da ya san yawanta, ya yi kwana 12 yana ba ta wuta. A hankali wani jan gari ya taru a saman zaibar, iskar kuma ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Iskar da ta rage tana kashe kyandir, dabba ba ta rayuwa a cikinta. Daga nan ya kwashe jan garin ya ƙara masa wuta mai ƙarfi, garin ya koma zaiba, ya saki iska wadda yawanta ya yi daidai da wadda ta ɓace tun farko, kyandir kuma ya kama ci bal-bal a cikinta. Lissafi ya cika ta kowane ɓangare. Ƙarfe yana ƙara nauyi ne don ya haɗu da wani sashe na iska, wanda Lavoisier ya raɗa wa suna oksijin. Itace kuma yana raguwa ne don yawancinsa ya tashi sama a matsayin iskar kabon da tururi. A littafinsa na 1789 ya shimfiɗa ƙa'idar a fili: nauyin abin da aka fara da shi daidai yake da nauyin abin da aka ƙare da shi, matuƙar ba a bar komai ya tsere ba. Mikhail Lomonosov na Rasha ya riga shi faɗin irin wannan, amma a hannun Lavoisier ne ta zama hanyar aikin yau da kullum.

Abin lura a nan shi ne Joseph Priestley na Ingila ya riga shi ware wannan iska, a 1774, daga jan garin zaiba ɗin nan dai. Gwani ne a ɗakin gwaji, amma har ya mutu a 1804 bai saki filojistan ba. Su biyun abu ɗaya suka gani da idonsu. Mukan ce gani ya kori ji, amma a wannan fage gani kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da lamba.

A nan nake da ja da yadda ake koyar da hanyar binciken kimiyya a yawancin azuzuwanmu. Ana rubuta matakai a allo: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako. Ɗalibi ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya wuce. Matakan ba ƙarya ba ne, amma ruhin abin ba ya cikin jerin. Ruhinsa shi ne mutum ya faɗi hasashensa ta yadda za a iya ƙaryata shi, sannan ya shirya gwajin da zai iya kunyata shi da kansa. Mai cewa filojistan na fita daga ƙarfe ya yi alkawarin cewa nauyi zai ragu, ko ya sani ko bai sani ba. Sikeli ya ce ya ƙaru. Daga wannan lokaci zaɓi biyu ne gare shi: ya sauya ra'ayi ko ya fara neman uzuri.

Labarin da ya fi nuna wannan ɗabi'a a wurina shi ne na Lord Rayleigh, shi ma a Ingila. Yana auna nauyin iskar naitirojin ne ta hanyoyi biyu. A hanya ta farko yakan ɗebi iskar da muke shaƙa ya cire mata oksijin da tururi da iskar kabon, abin da ya rage ya ɗauka naitirojin ne zalla. A hanya ta biyu yakan samo naitirojin daga sinadarai irin su amoniya. Da ya cika ƙwallon gilashinsa da ta farko sai ta ba shi kimanin giram 2.310, ta biyu kuma giram 2.299. Bambancin miligiram 11 ne kacal, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Mutum nawa ne za su tsaya a kan wannan? Yawanci za a ce kuskuren na'ura ne, a haɗa a raba biyu a ci gaba. Rayleigh ya ƙi, kuma dalilinsa mai ƙarfi ne: ya san iyakar kuskuren sikelinsa. Ya maimaita awon sau da yawa, kowace hanya tana dawo masa da lambarta, saɓanin da ke tsakanin maimaici da maimaici bai kai wannan tazara ba ko kusa. A 1892 ya rubuta wasiƙa ga mujallar Nature yana neman masana sinadarai su taimaka masa da bayani. William Ramsay ya shigo cikin aikin, ya riƙa bi da naitirojin ɗin iska ta kan jan garwashin maganiziyam, wanda ke shanye naitirojin, har ya rage wata 'yar iska da ta ƙi haɗuwa da komai. A 1894 suka sanar da gano argon, wadda ta kusa kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da kowane ɗan Adam ke shaƙa. Henry Cavendish ya ga alamarta tun 1785, wani ɗan kumfa da ya ƙi ɓacewa a gwajinsa, ya kuma rubuta shi da gaskiya duk da bai san ko mene ne ba. Fiye da shekara ɗari wannan rubutu yana jiran mai amfani da shi.

Wannan shi ne ainihin dalilin darasin nan da ɗalibai ke gundura da shi, na yawan lambobin da ya halatta a rubuta bayan ɗigo. Rubuta giram 2.3 da rubuta giram 2.310 ba abu ɗaya ba ne. Na farko yana cewa na'urata ba ta ga abin da ya wuce nan ba, na biyu yana cewa na tabbata har zuwa miligiram. Da Rayleigh ya tsaya a 2.3, da iskokin biyu sun zama ɗaya. Haka kuma wanda ya auna da sikelin kasuwa sannan ya kwafo lambobi takwas daga kalkuleta ya yi da'awar sanin abin da bai sani ba. Akwai kuma bambanci tsakanin awon da ke maimaita kansa da awon da ya dace da gaskiya: sikelin da aka karkatar zai ba ka amsa ɗaya sau goma, duk goman kuskure.

Ba a buƙatar babban ɗakin gwaji kafin yaro ya ɗanɗani wannan. Da ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinare, da 'yar kanwa, da ruwan lemun tsami, malami zai iya yin darasin Lavoisier cikin rabin awa. A haɗa su a buɗaɗɗen kofi a kan sikeli, kumfa ya tashi, lamba ta riƙa sauka. A sake yi da ɗan kaɗan a cikin gorar roba mai ƙarfi da aka ɗaure murfinta tam, lamba ta tsaya cak. A kwance murfin, a ji iska ta fita, lamba ta faɗi. Yaron da ya ga wannan, ya kuma rubuta lambobin da hannunsa, ba sai an tilasta masa haddar ƙa'idar ba.

To amma lamba ba ta da amfani ga wani in ba a yi ittifaƙi a kan ma'auni ba. Mu da muke sayen hatsi da mudu da tiya mun san wannan: mudun wannan kasuwa ba lallai ya zama na waccan ba, sannan ga maganar tozo da shafe baki. Ko a zakkar fidda kai, inda sa'i yake mudun Annabi huɗu, da zarar an ce a mayar da shi kilo sai an tambaya: na shinkafa, ko na gero, ko na dabino? Dalili shi ne mudu girman wuri yake aunawa, kilo kuma yawan abin da ke cikin wurin. Abin da ya haɗa su shi ne nauyin abu gwargwadon girmansa, kuma wannan lamba tana daga cikin shaidun da ake gane abu da su. Zinare yana da giram 19.3 a kowane ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, jan ƙarfe bai kai 9 ba, ruwa kuwa 1. Malaman Musulunci sun yi nisa a wannan fanni: al-Biruni ya auna ƙarafa da duwatsu masu daraja ta hanyar ruwan da suke turewa, al-Khazini kuma ya rubuta Mizanul Hikma a ƙarni na 12 a kan sikelin da ke bambance zinare tsantsa da wanda aka yi wa gauraye.

Faransa ta zamanin Lavoisier tana fama da ma'aunai da suka bambanta daga gari zuwa gari, kuma bayan juyin juya halin 1789 aka ƙudura yin guda ɗaya da za a ciro daga halitta. Aka ce mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu. Masana taurari biyu, Delambre da Méchain, suka fara auna tazarar Dunkirk zuwa Barcelona a 1792, aikin da ya ci musu shekaru. Kilo kuma aka ce nauyin ruwa lita ɗaya ne. Lavoisier da kansa yana cikin masu wannan aiki kafin a fille masa kai ranar 8 ga Mayu 1794 saboda tsohon aikinsa na karɓar haraji. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita, aka kafa ofishin ma'aunai na duniya a Sèvres, kusa da Paris. A 1960 aka tsara abin da ake kira SI, tsarin ma'aunai na duniya, wanda yau yake da tushe bakwai: mita, kilogiram, daƙiƙa, amfiya, kelbin, mol da kandela.

Kilo ne ya fi ba da wahala. Daga 1889 zuwa 2019, kilo ɗaya yana nufin nauyin wani dunƙulen ƙarfe guda, kashi 90 filatinam kashi 10 iridiyam, tsawonsa da faɗinsa kimanin milimita 39, a ajiye ƙarƙashin murafan gilashi uku a Sèvres. An rarraba kwafinsa ga ƙasashe. Da aka riƙa dawo da kwafin ana gwada su da uban, sai aka ga tazara ta shiga tsakaninsu, wajen maikirogiram 50 cikin shekara ɗari. Waye ya canza, uban ko 'ya'yan? Babu hanyar sani, domin a dokance uban ba ya canzawa, shi ne kilo ko ya ƙaru ko ya ragu. Wannan ba ƙaramin rauni ba ne ga tsarin da magunguna da masana'antu da cinikin duniya suka jingina a kansa. An riga an 'yantar da daƙiƙa tun 1967, aka ɗaure ta ga kaɗawa 9,192,631,770 ta ƙwayar siziyam. An 'yantar da mita a 1983, aka ɗaure ta ga gudun haske, mita 299,792,458 a daƙiƙa. Kilo sai da ya jira na'urar da Bryan Kibble ya ƙirƙiro a 1975, sikelin da ke daidaita nauyin abu da ƙarfin lantarki da maganaɗisu maimakon wani dutsen awo. Ranar 16 ga Nuwamba 2018 wakilan ƙasashe suka amince baki ɗaya a Versailles, daga 20 ga Mayu 2019 kuma kilo ya koma kan lambar Planck, wata tsayayyar lamba ta halitta, wadda ba ta tsatsa ba ta ɗaukar ƙura. Buhun shinkafa bai ƙaru ba bai ragu ba. Abin da ya canza shi ne duk ƙasar da ke da kayan aiki da ƙwarewa za ta iya fitar da kilo a ɗakin gwajinta.

A cikin bakwai ɗin nan, mol shi ne na masu ilimin sinadarai, an shigar da shi a 1971. Buƙatarsa ta taso ne daga cewa sinadarai suna haɗuwa ƙwaya da ƙwaya, biyu na haidirojin da ɗaya ta oksijin su ba da ruwa, alhali ba mai iya ƙirga ƙwayoyin zarra da hannu. Sai aka koma ƙirgawa da sikeli. Mol ɗaya ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³ ne, kuma an zaɓi lambar ta yadda mol ɗaya na kabon zai zama giram 12, na oksijin 16, na naitirojin 14, na haidirojin 1. Ruwa giram 18, wanda bai fi cokali ɗaya da ɗan ƙari ba, mol guda ne cur.

Ga inda wannan ya shafi gona. Kowace ƙwayar takin yuriya tana da kabon ɗaya, oksijin ɗaya, naitirojin biyu, haidirojin huɗu. A haɗa: 12 da 16 da 28 da 4, sittin ke nan. Naitirojin 28 cikin 60, wato kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Lambar 46 da ke jikin buhu daga nan ta fito. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Buhun kamfa mai 15-15-15 kuwa kilo 7.5 ne naitirojin ɗinsa, sauran amfaninsa yana wajen fosfaras da fotasiyam. Manomin da ya maye buhun yuriya da buhun kamfa a zubi na biyu ya ba masararsa sulusin abin da take nema, ko da yake buhu ɗaya ya zuba kamar kullum.

Haka abin yake ga mai ciwon sukari. Wasu na'urorin gwajin jini suna ba da amsa da milimol a lita, wasu da miligiram a desilita. Tunda mol ɗaya na gulukos giram 180 ne, tsakanin ma'aunan biyu ninki 18 ne. Don haka 7 a wannan na'ura ita ce 126 a waccan, kuma nan ne iyakar da likitoci ke duba wa wanda aka gwada kafin ya karya kumallo. Wanda ya kai wa likita lamba tsirara, ba tare da ma'auninta ba, bai gaya masa komai ba tukuna.

Mafi nauyin misali a ƙasarmu shi ne na Zamfara. A 2010 aka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da farfaɗiya da suma, alamun da ke kama da na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau. Maganin waɗannan cututtuka bai yi aiki ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka aika da jini gwaji, amsa ta dawo da sunan dalma. Duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje cike suke da ita, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, wato kashi goma cikin ɗari, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga filin wasan yara 400 ne cikin miliyan. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400. Dalmar jini da maikirogiram ake auna ta, kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a kowace desilita. Daga 45 ake fara ba yaro maganin da ke janye ta daga jiki, kuma yara da dama a ƙauyukan nan sun wuce 65, iyakar abin da ƙaramar na'urar da aka je da ita ke iya karantawa. Da waɗannan lambobi aka tantance yaron da za a fara yi wa magani, da gidan da za a kankare wa saman ƙasa a zuba sabuwa, da lokacin da ya dace a mayar da yaro gida ba tare da ya sake kwasar gubar ba.